Ɗakin Baya na Shagon Na'Allah

Yammacin wata Laraba ce a ƙarshen damina, irin yammacin da hadari kan taso ya tsaya a kan Sakkwato ya ƙi zuba, ya bar gari da zafi mai ɗanko. Saura kwana goma sha tara a koma makaranta. A shagon littattafai na marigayi Alhaji Na'Allah, wanda ke manne da gidansa a Ƙofar Atiku, kwalayen sababbin littattafai sun tare ƙofa, har sai mutum ya karkace kafin ya shiga.

Shekara biyu ke nan da shagon ya faɗo hannun ɗansa Sirajo. Kafin nan Sirajo ya taɓa dillancin motoci, ya taɓa kwangila, ya taɓa bin 'yan siyasa, kowanne ya bar shi da tumbi da dogon labari. Da mahaifinsa ya rasu sai ya dawo ya kafa kujera a bakin shagon, waya biyu a cinya, farar shadda tana ƙyalli, yana kallon masu wucewa kamar shi ya ba su aron titin. Bai taɓa karanta littafi ɗaya daga cikin waɗanda yake sayarwa ba. Kaya yake ce musu, kamar buhunan gishiri. Tsofaffin malaman makaranta da suka saba zuwa su tsaya jikin kanta suna duba shafi biyu uku tun zamanin mahaifinsa, ya raɗa musu suna 'yan karatun kyauta, ya yi ta yi musu gyaran murya har suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya.

Wanda ke riƙe da shagon a zahiri shi ne Markus, mutumin Zuru, Kirista, wanda ya shekara ashirin da shida a bayan kantar nan. Uwa za ta miƙo masa takardar da makaranta ta rubuto, ya duba sau ɗaya, ya juya ya zaro littattafan ba tare da ya ɗaga kai ba. Ya girmi Sirajo da shekara takwas, amma Sirajo gatsal yake kiran sunansa, wani lokacin ma da yatsa. Sai kuma Shamsiyya, 'yar Sirajo, mai shekara goma sha bakwai, wadda ta gama sakandare tana jiran sakamako. Duk dogon hutun nan a shagon ta yi shi, tana sa wa littattafai leda, tana karanta abin da ya burge ta idan babu masu saye. Baba Markus take ce masa.

A ƙuryar shagon akwai wani ɗaki siriri mai taga ɗaya. Tsofaffin littattafan da ba su sayu ba ne a ciki, da takardun hannu da mutane suka kawo ɗinki shekaru da yawa ba su dawo karɓa ba. Alhaji Na'Allah ba ya bari a share ɗakin bayan la'asar. Idan za a tashi yakan tsaya a ƙofarsa ya yi sallama, ya ja ƙyauren ba tare da ya kulle ba. Bai taɓa faɗin dalili ba, ba a kuma taɓa tambayarsa ba. Bayan rasuwarsa Markus ya ci gaba da nasa: ya ƙwanƙwasa sau biyu, ya ce a hankali, "Mun tashi, a kwana lafiya."

A yammacin nan ne Sirajo ya dubi kwalayen, ya dubi ɗakin, ya ce a kwashe duk abin da ke ciki a kai bayan gida a ƙone.

Markus ya ajiye almakashin da ke hannunsa. "Alhaji, a bari sai da safe mana. Rana ta kusa faɗuwa. Kuma da an ba ɗakin kwana biyu ana sanarwa kafin a taɓa."

"Sanarwa ga wa? Ga ɓeraye?" Sirajo ya yi dariya yana duban wata mata da ke jiran a ɗaure mata kaya, don ta taya shi. Ba ta taya shi ba. "Shekara ashirin da shidda kana gaida shara, Markus. Yau dai ka yi mata bankwana."

Markus ya tura ƙyauren ɗakin. Ya shiga ya fara kwasa, Shamsiyya na taya shi. Duk takardar da ya ga rubutun Larabci a jikinta sai ya ware ta, ya kaɗe, ya ɗora can saman kanta inda ƙafa ba za ta taka ba. Wannan tunanin bai zo wa Sirajo ba. Sauran suka tara su a filin da ke bayan katanga, kusa da kwata, tsibi guda mai warin sanyi da tsufa.

Markus ya ce shi ba zai kunna wutar ba. Sirajo kuwa waya ta shigo masa, kuma ba ya son hayaƙi ya kama shaddarsa. Sai ya miƙa wa 'yarsa kwalbar kananzir da ashana, ya juya baya yana ba wani labarin yadda zai mai da shagon na zamani.

Ladan ya ɗaga murya daidai lokacin da Shamsiyya ta ƙyasta. Don sauri ko bisimilla ba ta yi ba. Wutar ta kama da wani irin huci, kuma daga tsakiyar tsibin wani siririn kuka ya fito, kamar na ɗan kyanwa, kamar kuma na jariri. Sau ɗaya ya yi, ya yanke. Ta tsaya riƙe da kwalbar tana jiran kyanwar ta fito da gudu. Babu abin da ya fito. Tsuntsayen da ke hayaniya a kan darbejiyar gidan suka yi tsit gaba ɗaya.

Ta shiga gida tana cewa kanta na sara. Mahaifiyarta Wasila ta ba ta magani. Kakarta Iyatu, matar marigayin, tana kan sallaya. Da ta sallame ta shinshina iska, ta tambayi mene ne ake ƙonawa a wannan lokaci. Da aka faɗa mata, carbin ya tsaya a hannunta.

Washegari da magariba aka fara jifa. Da fari tsakuwa ce a kan kwano, ɗaya, sai shiru, sai wata. Sirajo ya fita da bulala ya zagaya gidan, bai ga kowa ba. Rana ta biyu duwatsu ne, suna faɗowa tsakar gida a miƙe daga sama, kamar ana sakinsu da hannu. Wasila ta ɗauki ɗaya ta yar da sauri, don da zafinsa kamar daga murhu aka zaro shi. Babu wanda dutse ya sama. Kusa da ƙafar mutum suke sauka, tazarar taki ɗaya, kuma da an idar da sallar isha'i sai su tsaya.

A shago ma abin bai bar su ba. An riga an jera sababbin kwalaye a ɗakin baya, amma da rana ta karkata sai a ji ana buɗe shafi a ciki, a hankali, shafi bayan shafi, irin buɗewar mai neman wani abu da ya ɓata. Idan an leƙa, kwalaye ne kawai a liƙe da selotef ɗinsu. Ran Asabar wata mata ta dawo da littafin lissafi na aji huɗu ta ce a duba. Kusurwarsa ta ƙasa ta babbake. Markus ya yanka sabon kwali a gabanta, ya zaro wani: haka. Ya zaro na ƙarƙashinsa: haka. Kwalin kansa lafiya lau, ko tabon hayaƙi babu.

Mutum mai hankali da ya zauna ya yi tunani. Sirajo wanda zai ɗora wa laifi ya nema, kuma bai yi nisa ba. Shagon cike da iyaye, kowa da takardarsa a hannu, ya miƙe ya nuna Markus da yatsa.

"Kai na! Tun ran da niz zauna kujerar ga kake baƙin ciki. Kai kaɗai ka shiga ɗakin ga kana 'yan maganganunka. Asirinku na can ƙauye za ka kawo mani cikin gidan ubana? Aje makulli ka hita."

Wani dattijo ya ce, "Haba Alhaji," Sirajo ya ɗaga masa hannu. Markus ya dube shi na ɗan lokaci. Ya cire makullin daga aljihu ya ajiye a kan kanta, ya ƙarasa ɗaure littattafan matar da ke gabansa, ya miƙa mata. Sannan ya zagaya ta zaure ya yi sallama da Iyatu daga bakin ƙofa.

"Inna, na tafi. A sa ido ga yarinyar nan. Tun jiya ba ta ɗaukar komai da hannun hagu."

Gaskiya ya faɗa. Hannun Shamsiyya na hagu ya yi zafi tun daga yatsu har gwiwa, babu kumburi, babu ƙurji, amma ko gefen zane ya taɓa shi sai ta yi ƙara. Ta daina cin abinci. An kai ta asibiti an ɗebi jini, aka ce ba a ga komai ba. Da hantsi takan yi magana kamar kowa, muryar dai a raunane. Da inuwa ta fara tsawo sai ta tashi, ta bi ta ƙofar da ta haɗa gidan da shago, ta zauna a bakin ɗakin baya ta naɗe hannuwa kamar mai rungume da jariri, tana jijjigawa, tana wani gunji a maƙogwaro. Idan Wasila ta taɓa ta sai ta ji jikin ya yi nauyi kamar turmi.

Ran Litinin Sirajo ya zo wucewa ta gabanta zai ɗauko kwali. Ta ɗago kai. Idanun nata ne, kallon ba nata ba ne. Ta bi shi da shi tun daga hula har takalmi, ta ja dogon tsaki, da wata murya ta tsohuwa ta ce, "Dibi abin da Na'Allah ya bari."

Kwalin ya suɓuce daga hannunsa.

Duk da haka ya hana a kira kowa. Ya ce idan maƙwabta suka ji, maganar za ta kai kasuwa, kuma wa zai shigo shagon aljanu ana gab da komawa makaranta? Ya sayo turare ya banka. Ya kunna karatu a wayarsa ya ajiye kusa da ita, shi kuma ya koma bakin titi. Wayar ta yi minti biyu ta mutu, ba ta sake tashi ba. Wasila ta yi kuka har muryarta ta dishe, ya ce mata ta rage, ana ji daga waje.

A rana ta tara Iyatu ta ɗauki mayafinta. Ba ta nemi izinin kowa ba. Ta tari keke napep ta tafi unguwar Gidan Dare, ta dawo bayan la'asar tare da Malam Abdulwahabu.

Siririn mutum ne mai furfura a gemu, malamin wata islamiyya, rigarsa ta koɗe a kafaɗa. Ba carbi mai dubu, ba jaka, ba almara. Gorar ruwa ɗaya ce a hannunsa. Sirajo ya dube shi ya taɓe baki, ya ce wa mahaifiyarsa a kunne, "Inna, wanga na za shi iya?" Ba ta ko juyo ba.

Aka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya. Wasila da Iyatu suka riƙo Shamsiyya suka zaunar, aka lulluɓe ta da babban hijabi. Malam ya yi alwala, ya zauna nesa kaɗan, ya tambayi abin da ya faru tun daga farko. Sirajo ya fara ba da labarin wani ma'aikaci mai baƙin ciki. Iyatu ta katse shi ta faɗi na wutar. Malam ya sunkuyar da kai, ya ce Allah ya kyauta, ya fara karatu.

Muryarsa ba ta da ƙarfi, amma ba ta rawa. Ya daɗe yana yi. Rana ta sauko ta tsaya a kan katanga, inuwar bishiyar ta rufe tsakar gidan, babu motsin ganye ko ɗaya. Shamsiyya ta fara rawar jiki, yatsun hannun hagu suka ƙanƙame. Dutse ya faɗo gefen tabarma, wani ya faɗo bayan Malam. Bai waiwaya ba. Ya tofa a ruwan, ya yayyafa mata, ya koma kan ayar da ya tsaya, ya maimaita ta, ya sake maimaitawa.

"Ya isa!" Muryar tsohuwar ce, ta fito daga bakin yarinyar kamar daga cikin rijiya. "Ya isa, Malam. Ni ma Musulma ta. Kana ƙona ni bisa ƙuna."

"Wace ce ke?"

"Nuriyya."

"Tun yaushe kike gidan ga?"

"Tun ba a aza tubalin shago ba. Da Na'Allah ya gina ɗakin, munka shiga, ya sani, bai kore mu ba. Shekara arba'in da ɗaya ba mu taɓa ɗaukar mai ko allura ba. Ka tambayi tsohuwar ga, gara ta taɓa cin takarda guda cikin shagon?"

Iyatu ta girgiza kai a hankali, hawaye na bin kuncinta.

"To mi ya haɗa ki da yarinya?"

Jikin Shamsiyya ya lanƙwashe, hannuwan suka koma rungumar abin da ba a gani. "Ɗana na kwance cikin takardun. Wata biyar gare shi. Na hita ɗibar ruwa, in dawo in iske an kwashe shi da shimfiɗatai an watsa mai wuta. Hannunai ya ƙone har gwiwa. Kwana tara bai yi barci ba. Hannu za ni ɗauka, Malam, madadin hannu."

Wasila ta ƙwalla ƙara ta rungume 'yarta. Malam ya ɗaga mata hannu ta yi shiru.

"An zalunce ki, Nuriyya, ban musa ba. Amma yarinyar ga ba ta gan shi ba, ba ta san da shi ba, umurni anka yi mata. In ke Musulma ta, kin san ba a kama wani da laihin wani. Don mi ba ki je ga wanda ya ba da umurnin ba?"

Sai aljanar ta yi dariya. Dariya ce mara daɗi, busasshiya, ta daɗe tana yawo a tsakar gidan. Kan yarinyar ya juya sannu a hankali har ya fuskanci Sirajo, wanda ya ja da baya ya manne da bangon madafa.

"Na je. Kwana ukku ina zagaya shi. Na shiga, na iske kango, ba kowa ciki. Mi za ni kamawa? Shi ya sa nic ce bari in kama ɗiyatai, shi ji abin da nij ji. Kwana shidda ina zaune cikin yarinyar ga ina jiran shi zo shi zauna kusa gare ta. Sau biyu ya leƙo, Malam. Sau biyu! Kwalaye kau sau goma shika dibawa kullum."

Babu wanda ya dubi Sirajo. Da an dube shi ma da ya fi masa sauƙi.

"Yanzu dai hita za ki yi," in ji Malam.

"A yanka mani baƙin rago bakin kwata, in hita."

"Ba a yanka wa kowa sai Allah. Kin sani, gwada ni kike." Ya buɗe baki zai ci gaba da karatu.

"Tsaya! Tsaya. Na bar rago."

Iyatu ta matso. "Baiwar Allah, ki yi haƙuri. A kwashe kwalayen a mayar maki da ɗakinki, ku zauna yadda kunka saba. Ni za ni riƙa yi maku sallama da bakina."

Muryar ta yi laushi kaɗan. "Ke mutuniyar kirki ta, Iyatu. Amma ba ni ƙara kwana inuwa guda da wanga. Ko an shimfiɗa mani zinari." Numfashin yarinyar na fita da ƙyar. "A ba ni kwana ukku in kwashe iyalina, kada kowa shi shiga ɗakin. Takardun da anka ɗora bisa kanta a ba Malam, shi san inda za shi kai su. Sai na ƙarshe. Mutum guda ke gaishe mu tun da Na'Allah ya kwanta dama, shi kuma anka tozarta gaban jama'a saboda mu. Wanga shi hwaɗi da bakinai cewa ƙarya ya yi mai."

Malam ya juya ga Sirajo. "Wannan ba don ita ta ce ba. Haƙƙin mutum na, ko ba aljani sai ka sauke shi. Alhaji, hwaɗi."

Sirajo ya dubi ƙasa, ya dubi ƙofa, ya gyara hula. 'Yarsa na kwance a gabansa, leɓɓanta sun bushe sun tsage, shi kuwa yana auna nauyin kalma huɗu. Daga ƙarshe ya ce, can ƙasa-ƙasa, "To, ba shi ba na."

"Ji shi," in ji muryar. "Kamar ana cire mai haƙori."

Malam ya sa ta yi rantsuwa da Allah cewa ba za ta dawo ba, ba kuma za ta aiko wani nata ba. Ta yi, kalma bayan kalma. Ya karanta addu'a a sauran ruwan ya zuba a murfin gora ya ajiye a gindin bishiya, ya ce ta shafa wa ɗanta, waraka ta Allah ce. Ya tambaye ta ta ina za ta fita, ta ce ta inda ta shiga.

Kafin ta tafi sai ta sake magana, a hankali ƙwarai, ba da Malam ba, ba da kowa a tsakar gidan ba.

"Shamsiyya, kina jina. Na san ba ki sani ba. Baƙin ciki ya rufe mani ido. Ina jin daɗin karatunki in kina yi a bayyane da rana. Ki yahe mani, ɗiyata."

Hannun hagu ya miƙe, ya yi karkarwa, ƙaramin yatsa ya lanƙwashe ya saki. Yarinyar ta yi atishawa sau uku ta zube jikin mahaifiyarta. Aka kira sallar magariba a masallacin unguwa, suka zauna suna saurare har aka gama, babu abin da ya faɗo a kan kwano. Shamsiyya ta buɗe ido ta ce, da muryarta, "Mama, ƙishirwa nike ji." Murfin gorar da ke gindin bishiya ya bushe ƙaf.

Kwana uku ba a shiga ɗakin ba. Iyatu ce ta kafa kujerarta a ƙofar, don ta san ɗanta. A rana ta huɗu aka buɗe, babu komai sai kwalaye da wani sanyi na ɗakin da aka tashi daga cikinsa. Hannun Shamsiyya ya huce, sai dai ƙaramin yatsan bai ƙara miƙewa sosai ba. Ta koma cin abinci, ta koma magana, amma ta daina zama idan mahaifinta ya shigo wuri.

Shi kuwa kafin mako ya zagayo labarin ya canja a bakinsa. A majalisar bakin titi yana faɗa wa mutane yadda ya tsaya ƙyam ya daka wa aljana tsawa, yadda shi ya nemo malamin, yadda tun farko ya lura akwai wani abu a ɗakin.

Ran Lahadi da yamma, jajibirin komawa makaranta, Markus ya zo duba yarinyar, daga coci, da ledar lemu a hannu. Ya yi sallama a zaure, Iyatu ta ce ya shigo har tsakar gida. Shamsiyya ta taso da sauri ta durƙusa ta gaishe shi, ya dubi hannun, ya ce, "Sannu, 'yata. Allah ya ƙara sauƙi." Ya shaida wa Iyatu cewa wata makaranta ta ɗauke shi kula da ɗakin karatunta, gobe zai fara.

Sirajo ya shigo yana saƙale da sabuwar waya a kunne. Ya ga Markus, ya tuna da layin iyayen da zai tarar gobe da takardunsu, ya kashe wayar. Ya gyara tsayuwa, ya saki murmushin masu kyauta.

"A'a, Markus. To, abin da ya wuce ya wuce. Ni na yahe maka. Ka dawo bakin aikinka gobe da sahe."

Markus ya dube shi kamar yadda ake duban abin da aka tako a hanya. Ya juya ya russuna wa Iyatu. "Inna, a tashi lafiya." Ya sa takalmansa ya fita.

Sirajo ya buɗe hannuwa yana duban matan. "Kun gani ko? Kun ga girman kai? Ni da niy yi mai alheri!"

Iyatu ta ɗauki lemu ɗaya ta fara ɓarewa da farce, ta miƙa wa jikarta rabi. Sai da ta gama ta ɗago ta dubi ɗanta.

"Sirajo, aljanar ga an ƙona mata ɗa, kuma ba ta bar gidan ga ba sai da ta roƙi ɗiyarka gahwara. Kai har yau ba ka roƙe ta ba." Ta tattara ɓawon a tafin hannu. "Tashi mani daga gaba, kana tare mani iska."